BISMILLA BA TA WANKE ALADE: JAN KUNNE GA MASU CIN ABINCI A GIDAJEN GIRKAWA

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wata fatawa da ta zama ruwan dare a tsakanin 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen Turai da Amurka. Fatawa ce wadda ba a san malamin da ya bayar da ita ba, ba a kuma san littafin da aka ciro ta ba, amma kowa ya haddace ta kamar Fatiha. Ita ce: "Ai Ahlul Kitabi ne, yi Bismilla ka ci." Na ji ta a bakin direban tasi, na ji ta a bakin ɗalibin jami'a, na kuma ji ta a bakin wanda ya sauke Risala tun yana yaro. Na daɗe ina jin ta ina yin shiru, har ranar da na ga aikinta da idona a kan teburi.

Wani dattijo daga cikin mutanenmu na unguwar Boronks a birnin Niyok, wanda asalinsa mutumin Zangon Kumasi ne, ya kuma shekara fiye da 20 yana tuƙin tasi, Allah Ya nufi babban ɗansa ya kammala jami'a. Don murna sai ya shirya walima, ya gayyace mu tare da abokan yaron da wani malaminsa Bature. Yaran ne suka zaɓi wurin: wani ɗan gidan abinci na Girkawa a unguwar Astoriya. Ga wanda bai sani ba, Astoriya tana cikin yankin Kwins, kuma ita ce zangon Girkawa a Niyok, kamar yadda muke da namu zangon a Boronks da Harlem. Sun cika ta ne musamman bayan da Amurka ta sassauta dokar shige da fice a 1965, sa'annan mulkin soja ya danne ƙasarsu daga 1967 zuwa 1974, aka kuma raba tsibirin Kubrus gida biyu a 1974. Baƙi ne irinmu, neman halaliyarsu ya fito da su. Bagirke kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu, domin dattawan da suka tashi a Kano ko Kaduna sun san kantin Leventis, wanda ya kafa shi Bagirke ne ɗan Kubrus.

Tun farko bari in faɗi gaskiya game da gidan, kada wani ya zaci ƙiyayya ce ta sa ni magana. Wuri ne mai tsabta. Mai gidan da kansa ya zo ya gaishe mu, ya yi wa yaron barka, aka kawo gurasa mai ɗumi da man zaitun tun ba mu nemi kome ba. Girkawa mutane ne masu girmama baƙo, kuma suna alfahari da hakan. Ba ni da ƙorafi ko ɗaya a kan mai gidan nan ko ma'aikatansa. Ƙorafina a kanmu yake.

Aka kawo wani babban faranti na gasasshen nama iri-iri, irin wanda ake ajiyewa a tsakiya kowa ya sa hannu. Ga tsire a jikin tsinke, wanda ba za ka bambanta shi da na tukubar bakin kasuwa ba, ga yankakken nama irin na shawarma, ga wani kamar tsiran nama. Wani yaro har ya miƙa hannu. Sai na kira mai kawo abincin, wani magidanci mai furfura, na tambaye shi naman mene ne wannan da wannan da wannan. Bai ɓata rai ba, bai yi mamaki ba. Ya nuna tsiren ya ce alade ne. Ya nuna tsiran ya ce alade ne. Ya nuna mai kama da shawarma ya ce haɗin sa da rago ne, daga kamfani suke sayo shi, amma duka a kan wuta ɗaya aka gasa. Har ya ba mu haƙuri, ya ce da an gaya masa mu Musulmi ne da tun farko ya faɗa.

To, a nan ne abin mamaki ya faru. Alhaji ya sa aka mayar da farantin, domin Musulmi ne mai salla, ba zai ci alade yana sane ba. Amma fushinsa bai sauka a kan alade ba, a kaina ya sauka. Ya matso kusa da kunnena ya ce: "Haba Malam, ka ba mu kunya a gaban baƙi. Da ba ka tambaya ba, ai da babu laifi a kanmu. Ahlul Kitabi ne, mun kuma yi Bismilla."

Subhanallahi! Mai karatu, ka tsaya ka dubi wannan magana da kyau, domin a cikinta ainihin cutar take. Ba cewa yake alade halal ne ba. Cewa yake rashin sani mafaka ce, don haka wanda ya kawo sani shi ne mai laifi. Wannan ba jahilci ba ne wanda Shari'a ke yi wa uzuri. Wannan runtse ido ne da gangan, kuma Wanda ake yi wa runtsewar Ya san abin da ƙiraza ke ɓoyewa.

Mu fara da ayar da suke fakewa da ita, aya ta 5 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta mana abincin waɗanda aka bai wa Littafi. Ayar gaskiya ce, ba a shafe ta ba, kuma babu mai ikon ƙuntata abin da Allah Ya yalwata. Ibnu Abbas (R.A.) ya fassara abincin nasu da yankansu, kuma a kan haka Risala ta Ibnu Abi Zaid ta tafi. Amma me ayar ta sauƙaƙa? Ta sauƙaƙa sha'anin wanda ya riƙe wuƙa ne, watau ba dole sai Musulmi ba, Bayahude da Banasare ma yankansu ya ci. Ba ta taɓa sha'anin dabbar da ke ƙarƙashin wuƙar ba. Wannan an riga an gama da shi ayoyi biyu kafin nan, a aya ta 3 ta wannan sura ɗin, inda aka jera mushe da jini da naman alade da maƙararriya da wadda aka buge. Shin hankali zai karɓi cewa aladen da ya haramta ko da Musulmi ne ya yanka shi yana fuskantar alƙibla, zai koma halal don Banasare ne ya gasa shi? Ashe ke nan hannun Banasare ya fi na Musulmi tsarkakewa? Babu malami ɗaya a cikin mazhabobin nan 4 da ya taɓa faɗin haka.

Sai hadisin da suka yanko wutsiyarsa suka bar kansa. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha (R.A.) cewa wasu mutane sun kai kuka ga Manzon Allah (S.A.W.) a kan naman da ake kawo musu, ba su sani ba ko an ambaci sunan Allah a kansa, sai ya umurce su su ambata da kansu su ci. Daga nan aka samo "yi Bismilla ka ci". Amma ƙarshen ruwayar ya bayyana su wane ne masu kawo naman: sababbin shiga Musulunci ne. Musulmi ne suka yi yankan, kuma shakkar da aka yi a kan ambaton suna ce kaɗai. Ba wanda ya je ya ce, ba mu sani ba ko rago ne ko alade. Ɗaukar hukuncin wancan wuri a ɗora shi a kan farantin Astoriya zalunci ne ga hadisin.

Wani mai ɗan karatu zai ce: to ai magabata sun ƙi yawan bincike, asalin abubuwa halacci ne. Haka ne, a inda halal ya yi rinjaye. Wanda ya shiga kasuwar Kurmi yana tambayar mahauci ko naman akuyarsa na alade ne, wannan waswasi ne da cin mutunci. Amma malaman usulu sun ce hukunci yana bin abin da ya yi galaba. To, mene ne ya yi galaba a tukubar Bagirke? A ƙasar Girka kanta, idan ka ce a ba ka tsiren nan da suke kira suflaki ba ka ƙara wata kalma ba, na alade za a miƙo maka. Haka ma naman nan mai juyawa a jikin ƙarfe. A irin wannan wuri barin tambaya ba tawakkali ba ne, ganganci ne.

Wannan nama mai juyawa shi ya fi yaudarar mutanenmu, saboda haka bari in ɗan tsaya a kansa. Suna rubuta sunansa gyros, suna faɗinsa yiros, ma'anarsa juyi. Turkawa na kiran nasu dona, daga kalmarsu ta juyawa, kuma kalmar shawarma ta Larabawa ita ma daga wata kalmar Turkanci mai wannan ma'ana ta fito. Uwa ɗaya ta haife su, a ɗakin girkin Daular Usmaniyya, inda naman rago ake jerawa. Bayan yaƙin Girka da Turkiyya, yarjejeniyar Lozan ta 1923 ta tilasta musayar jama'a: Kiristoci fiye da miliyan 1 suka koma Girka, Musulmi wajen 400,000 suka koma Turkiyya. Girke-girke masu yawa suka bi 'yan gudun hijirar nan suka tsallaka teku. Da wannan gashi ya zauna a Girka, ƙarfen bai sake ba, wuƙar ba ta sake ba, gurasar da kindirmon mai tafarnuwa ba su sake ba, amma alade ya maye gurbin rago. Ɗan'uwanmu da ya saba da shawarmar Makka da Madina sai ya hango shi ta taga, zuciyarsa ta natsu tun bai shiga ba. Kama da wane dai ba ta wane.

A Amurka kuwa labarin ya ɗan bambanta. Tun cikin shekarun 1970 wasu kamfanoni a Shikago suka fara haɗa shi da niƙaƙƙen naman sa da na rago, suna curawa suna daskarar da shi suna rarraba wa gidajen abinci. Ka ga ke nan mai gidan da muke kira Ahlul Kitabi, wanda ya rataye gicciye a bayan kanta, bai taɓa ganin san nan da rai ba. Ba shi ya yanka ba, bai san wanda ya yanka ba. A nan ne mas'ala ta zama ta saɓani na gaskiya. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya yalwata ƙwarai a kan abin da Nasara ke ɗauka abincinsu ne, kuma wasu malaman zamani sun bi shi. Wasu sun ƙi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta halatta wa mazauna ƙasashen da ba na Musulmi ba cin yankan Ahlul Kitabi, amma da sharuɗɗa: dabbar ta zama mai halatta, a tabbatar ba ta cuɗanya da haram ba, kuma kada ya tabbata cewa ba a yanka ta yadda Shari'a ta ce ba. A wannan zama ɗin dai ta hana sumar da dabba da bindigar nan mai huda ƙwaƙwalwa, ta kuma hana sumar da kaji da lantarki, saboda da yawansu kan mutu kafin wuƙa ta iso. A Girka ma, a watan Oktoba na 2021, babbar kotun harkokin mulki ta soke izinin da gwamnati ta bayar a 2017 na yanka ba tare da sumarwa ba.

Ni ba zan fasiƙantar da wanda ya bi malamai masu sauƙaƙawa a kan naman sa ko rago ba, ko da yake ni kaina ina barinsa. Yana da magabata. Amma a lura: har masu sauƙaƙawar sun shar'anta tabbatarwa. Ta yaya za ka tabbatar da bakinka a rufe? Ta yaya za ka san cewa a kan farantin ƙarfen da kitsen alade ke tsiyaya aka ɗumama gurasarka, in ba ka tambaya ba? Ta yaya za ka san cewa a girkin mutanen Kubrus akwai wani curin nama da ake naɗewa da tantanin kitsen cikin alade, ko da naman da ke ciki da rago aka haɗa?

Sai giya, wadda ita ba ta ma da mafakar aya. Girkawa masu noman inabi ne tun zamanin da, kuma giya a tukunyarsu kamar daddawa ce a tamu. Akwai dahuwar nama da ƙananan albasa da suke kira sitifado, da jar giyar inabi ake yin ta. Miyar naman da ake shimfiɗawa a cikin musaka sau da yawa akan zuba mata. Jatan lande akan soya shi da uzo, wata barasa mai ƙarfi. Sa'annan ga soyayyen cukun nan, saganaki, wanda ake kawowa yana ci da wuta, masu kawowa na ihu, yara na tafi. Wannan wasan wuta ba ma daga Girka ya zo ba, a wani gidan abincin Girkawan Shikago aka fara shi a 1968. Mece ce ke ci da wutar? Barasa ce aka kwarara a kai. In ka yi magana sai a ce maka ai wuta ta cinye ta. Wa ya ce? Masana abinci na Amurka sun auna wannan, an buga sakamakonsu a 1992, kuma ma'aikatar gona ta ƙasar tana aiki da shi: abincin da aka kunna wa wuta yana riƙe da kashi 75 cikin 100 na barasar da aka zuba, wanda aka dafa minti 15 yana riƙe da kashi 40, wanda ya shafe awa biyu da rabi a kan wuta ma akwai sauran kashi 5. Ba malaman Sunna ne suka faɗa ba balle a ce tsanani, masu shan ne da kansu suka auna.

A walimar tamu, bayan an mayar da faranti, malamin yaron ya sa aka kawo masa kwalbar retsina, wata farar giya da ake sa wa ƙaron itace. Bai yi don wulaƙanci ba, a al'adarsa haka ake taya murna. Kwalbar ta zauna a tsakiyar teburin da alhazai 3 ke zaune, ba wanda ya ce uffan. Alhali kuwa Tirmizi ya ruwaito daga Jabir (R.A.) hani ga duk mai imani da Allah da Ranar Lahira ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Kalma ɗaya mai daɗi tun ranar gayyata, cewa walimarmu ba a shan giya, da ta wadatar, kuma na tabbata mutumin nan da ya girmama ta. Game da sauran teburan da ke cikin zauren malamai sun yi magana, wasu sun sauƙaƙa ga mai buƙata. Amma wace lalura ce a Astoriya? Tafiyar 'yan mintoci a ƙafa za ta kai ka titin Steinway, inda gidajen abincin Misirawa da sauran Larabawa suke a jere, da mahautan halal da masallaci.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wanda muke jin kunyarsa shi ba ya jin kunyar addininsa. Mai kawo mana abincin nan, da ya ga na koma ga wake da ganye, sai ya yi murmushi ya ce ashe irin abincin mahaifiyarsa nake so. Kiristocin Girka 'yan cocin Otodoks ne, kuma suna da azumi irin nasu, na ƙaurace wa nama da ƙwai da nono: makonni 7 kafin Ista, kwana 40 kafin Kirsimeti, makonni 2 a farkon Agusta, da yawancin ranakun Laraba da Juma'a. Wanda ya kiyaye su duka zai yi wajen kwana 180 zuwa 200 a shekara bai sa nama a baki ba. Saboda haka suna da kalma guda, nistisima, watau abincin azumi, wadda kowane mai dafa abinci ya sani. Tsohuwa za ta shigo ta faɗe ta da ƙarfi, ba ta sunkuyar da kai, ba wanda zai ce ta ba da kunya. A ƙarƙashin wannan kalma akwai fasolada, miyar farin wake da man zaitun, wadda suke ɗauka abincin ƙasa. Akwai miyar adas, da manyan wake da ake gasawa da tumatir, da shinkafa da alayyafo, da ganyen inabi da aka naɗe shinkafa a ciki, da dafaffen ganyen daji da ake matsa wa lemun tsami, kamar kwaɗonmu ba ƙuli. Ban da wannan ga gasasshen kifi, wanda ba ya buƙatar yanka, kuma a mazhabar Malik duk abin da ke rayuwa a teku halal ne. Sai dai ko a nan a tambayi giya, domin azuminsu bai kore ta daga tukunya ba, a kuma roƙi a gasa kifin nesa da nama. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami: rabin takardar abincin gidan halal ne tsantsa, amma muka tsallake shi muka faɗa wa farantin da ya fi kowanne haɗari, don kawai kada a ce mun cika tambaya.

Ba zan rufe ido ga ɗaya ɓangaren ba. Akwai 'yan'uwa, galibi matasa masu zafin kishi, waɗanda da jin wannan labari za su ce laifin tun daga shiga gidan ne, kwanon kafiri najasa ne, gurasarsa haram ce, gaisuwarsa ma abin ƙyama ce. Ku ji tsoron Allah. Haramta halal ƙirƙira ƙarya ne ga Allah kamar halatta haram, aya ta 116 a Suratun Nahli ta haɗa su a igiya ɗaya. Manzon Allah (S.A.W.) ya ci daga naman da Bayahudiya ta kawo masa a Haibara, ya kuma amsa gayyatar Bayahude zuwa gurasar sha'ir. Sa'ad da Abu Sa'alaba (R.A.) ya yi tambaya a kan kwanonin Ahlul Kitabi, waɗanda a ruwayar Abu Dawuda aka bayyana cewa suna dafa alade suna shan giya a cikinsu, ba a ce masa ya zauna da yunwa ba. An ce in ya sami wasu ya bar waɗannan, in bai samu ba ya wanke ya ci. Ku masu tsanantawa, ku sani ku ne kuke yi wa masu sakaci noma. Yaron da aka haifa a Boronks, aka gaya masa kome haram ne har ruwan famfon maƙwabci, ranar da ya gaji zai yar da kayan gaba ɗaya, da na gaskiya da na ƙari.

Yaran nan su ne abin ji. A teburin nan akwai 'yan shekara 10 zuwa 15 su wajen 5, idonsu a kan iyayensu. Darasin da suka ɗauka a ranar ba daga allo ba ne. Sun ga cewa idan Bature yana wurin, Musulmi yakan rage murya a kan addininsa, kuma wanda ya ɗaga tasa shi ake harara. Wanda aka tarbiyyantar a kan jin kunyar tambayar naman mene ne, me zai hana shi jin kunyar neman wurin salla a wajen aiki?

Mu kuma manya, mu tuna hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.), na mutumin da ya yi doguwar tafiya, kansa ya yi buzu-buzu, jikinsa duk ƙura, yana ɗaga hannu sama yana kiran Ubangijinsa, alhali cinsa da shansa da suturarsa haram ne, aka nuna nisan amsa masa. Wane ne wannan matafiyi in ba mu ba? Mu ne muka bar iyaye da ƙasa, mu ne ke cika masallatai a goman ƙarshe muna kuka a kan takardun zama, da lafiyar tsofaffi a gida, da shiryuwar 'ya'ya. Matafiyi yana cikin waɗanda ba a mayar da addu'arsu. Ashe za mu sayar da wannan dama da tsinken tsire ɗaya?

Masu cewa tambaya ba ta sake kome, su leƙa titunan Niyok. Amalanken abincin halal da ke kusurwoyin birnin, masu sayar da shinkafa da kaza da wannan yiros ɗin dai, ba gwamnati ce ta kafa su ba. A farkon shekarun 1990 direbobin tasi Musulmi ne suka yi ta neman abin da za su ci cikin dare da natsuwa, 'yan kasuwa Misirawa suka ji, suka sauya hajarsu. Da waɗancan direbobi sun bi fatawar "yi Bismilla ka ci", da babu amalanke ko ɗaya. Ɗan kasuwa kunnensa na wurin mai saye, Bagirke kuwa ɗan kasuwa ne tun kaka da kakanni. Muna kira ga limamanmu da shugabannin ƙungiyoyinmu na can da su yi wannan bayani a kan mumbari da harshen da yara ke ji, kuma duk mai shirya walima ya je gidan tun kafin ranar, ya zauna da mai shi, ya faɗi abin da muke ci da abin da ba mu ci, da cewa ba a kawo kwalba teburinmu.

Shi kuwa Alhaji, tun daga ranar gaisuwarmu ta koma ta ɗaga hannu daga nesa. Ban ambaci sunansa ba, ba kuwa zan ambata ba, domin dattijo ne mai alheri wanda ya sauki baƙi da yawa a ɗakinsa, har da ni. Idan wannan fitowa ta kai hannunsa, to ina gayyatarsa mu koma gidan nan, shi da yaran duka, ranar da ya huta da tuƙi. Fasolada za mu ci da gasasshen kifi, kuɗin kuma daga aljihuna. Sharaɗina ɗaya ne: ƙaramin ɗansa ne zai kira mai furfurar nan ya yi tambayar, Alhaji yana zaune yana ji.